Tankin kifin teku: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin a ja bututu ko ɗaya

Da asubahin ranar 16 ga Disamba, 2022, katafaren tankin kifin nan mai suna AquaDom, wanda ke tsaye a tsakiyar wani otal a birnin Berlin na ƙasar Jamus, ya fashe. Ruwan gishiri kimanin lita miliyan ɗaya ya kwararo lokaci guda, ya ɓalle ƙofofi da tagogi, ya kwashi kaya ya watsar a titi. Kifaye kusan 1,500 ne a ciki, kaɗan ne ƙwarai suka tsira, kuma mutum biyu sun ji rauni. Akwai wasu ɗaruruwan ƙananan kifaye a tankunan ƙarƙashin ginin da fashewar ba ta taɓa ba, amma su ma sai da aka yi gaggawar kwashe su, domin wuta ta yanke, injinan da ke juya musu ruwa sun tsaya cik.

Bangon tanki ne ya fashe a Berlin, kuma irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Halin da kifayen ƙarƙashin ginin suka shiga shi ne abin da kowane mai tanki zai gamu da shi wata rana. Ruwan tankin kifin teku a tafe yake dare da rana: ya sauka, a tace shi, a mayar da shi sama. Inji ne ke kai shi sama, inji kuwa yana tsayawa. Nauyin ruwan ne ke sauko da shi, wannan kuwa babu mai kashe shi. Saboda haka wanda zai tsara bututun babban tanki, na falon gida ne mai lita dubu ko na otal mai lita dubu hamsin, tambayarsa ta farko ita ce: ina ruwan nan zai nufa ranar da wani abu ya ƙi aiki?

Daga ina ruwan zai zo?

Manyan gidajen kifi na duniya hanya biyu suke bi. Na gaɓar Monterey a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka buɗe a 1984, kai tsaye yake jan ruwa daga teku, har kimanin lita 7,500 a minti ɗaya, ruwan ya zaga tankuna ya koma inda ya fito. Da rana ana tace shi don 'yan kallo su ga kifi sarai, da dare a bar shi ya shigo yadda yake, tare da ƙananan halittun da ke cikinsa, domin su ne abincin wasu mazauna tankunan. Garaɓasar tana da wahalarta. Halittun nan suna maƙalewa a cikin bututun da ke jawo ruwan, su girma su cushe shi, don haka a kai a kai ake cusa wani dunƙulen magogi a tura shi da ƙarfin ruwa ya kankare cikin bututun.

Shi kuwa Georgia Aquarium na birnin Atlanta, da aka buɗe a 2005, ɗaruruwan kilomita ne tsakaninsa da teku. Babban tankinsa, Ocean Voyager, yana ɗauke da kusan lita miliyan 24, kuma ruwan gari ne aka tace aka haɗa da gishiri. Ruwa ɗaya ne ake ta juyawa ana tacewa.

Mai son kafa tanki a Kano ko Abuja ko Yamai, hanyar Atlanta ce tasa. Ke nan zanen bututunsa daga wurin haɗa ruwa zai fara. Yana buƙatar duro biyu na roba, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na dama gishiri, da ɗan inji da bututun da zai kai sabon ruwan inda ake so ba tare da an ɗauki bokiti ba. Ruwan famfo ko na burtsatse sai ya bi ta matatar da ake kira RO, irin wadda wasu kamfanonin fiya wata ke aiki da ita. Ƙananan matatun nan na gida sukan zubar da lita uku ko huɗu kafin su ba da lita ɗaya mai kyau, don haka ita ma matatar tana son hanyar fitar ruwa tata. Wannan ruwan da ta ƙi yana da amfani, ana iya tara shi don wanki da share-share.

Gishirin kuma ba na miya ba ne. Haɗi ne na musamman mai magnesiyam da kalsiyam da fotasiyam da sauransu, kuma kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35.

Nauyi

Mu ɗauki tanki mai tsawon santimita 200, faɗi 70, zurfi 70, mu riƙe shi a matsayin misali har ƙarshe. Lita 980 yake ci. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan ɗara kilo ɗaya, saboda haka ruwan kaɗai tan ɗaya ne. Ƙara gilashi mai kauri da duwatsu da yashi da ƙafafun ƙarfe da tanki na biyu a ƙasa, ka tasam ma tan ɗaya da rabi, duk a kan filin da bai kai murabba'in mita ɗaya da rabi ba. Ƙa'idojin gini na ƙasashe da yawa kilo 150 zuwa 200 suke lissafa wa kowace murabba'in mita ta daɓen ɗakin zama. A ƙasa, kan kankare mai kyau, babu damuwa sosai. A saman bene kuwa, kada a ɗora sai injiniyan gini ya duba inda ginshiƙai suke.

Idan ginin bai ƙare ba, yanzu ne lokacin. Tun ran gini tun ran zane: a bar kafofin bututu a bango, a binne magudanar ƙasa kafin a zuba daɓe. Fasa tayil daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Tankin da ba a gani

Abin da baƙo ke kallo rabin aikin ne. A ƙarƙashin tankin kallo, ko a ɗakin da ke bayansa, akwai tankin ƙasa, buɗaɗɗe, an raba shi gida-gida da shingayen gilashi. Ruwa yana malala daga saman tankin kallo ya faɗa wani siririn akwati da ke manne a bangon baya, daga nan bututu ya sauko da shi. A gidan farko ya bi ta jakar tacewa ko soso. A na biyu akwai injin kumfa, wanda ke cusa ƙananan kumfar iska a cikin ruwan, dattin kifi da ragowar abinci su manne musu su hau sama su taru a kofi. Sai duwatsu masu ramuka inda bakteriya ke zama suna mayar da ammoniyar da kifi ke fitarwa zuwa abin da ba shi da guba sosai. A gidan ƙarshe ne injin da ke mayar da ruwa sama yake.

Dalilin ɗaukar ruwa daga sama, ba daga gindi ba, guda biyu ne. Maiƙo da datti a fuskar ruwa suke taruwa su hana iska shiga. Na biyu kuma shi ne mafi muhimmanci: idan inji ya tsaya, ruwan da ke sama da bakin akwatin ne kaɗai zai sauka ta nan. Masu kiwon tarwada sun san wannan dabara, don tsayayyen bututun da suke sawa a tankunansu shi ke yanke iyakar inda ruwa zai tsaya.

Bututu yana ratsa gilashi ne ta rami, a ɗaure shi da mahaɗi mai zare da noti da zoben roba, irin wanda ake sawa a gindin tankin ruwa na roba. Zoben robar yana zama ne ta ɓangaren leɓen mahaɗin, ba ta ɓangaren noti ba, kuma da hannu ake ɗaurewa a ɗan ƙara kaɗan. Wanda ya sa sifana ya murɗa iya ƙarfinsa zai tsaga robar ko gilashin. Kafin a kusanci gilashi da abin huji a tabbatar ba gasasshe ba ne, irin na tagogin gefen mota, domin shi ba ya hujuwa, rugurgujewa yake yi gaba ɗaya. Tankuna da yawa gindinsu gasasshe ne ko da bangonsu ba haka ba. Abin da ya fi shi ne a faɗa wa mai ƙera tankin yawan ramuka da faɗinsu da wurarensu tun kafin ya haɗa.

Akwai akwatunan da ake ratayawa a bakin tanki don a guje wa huji, masu ɗauko ruwa ta lanƙwasasshen bututu ya tsallake bango. A ganina ba su da wuri a babban tanki. Kumfar iska na taruwa a ƙoƙon lanƙwasar a hankali har ruwa ya daina wucewa, alhali inji na ci gaba da turowa.

Bututu nawa ne za su sauko da ruwa?

Nan ne zuciyar maganar. Duk wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tankin mota zuwa jarka da tiyo ya san cewa da zarar tiyon ya cika, babu iska a ciki, fetur zai yi ta zuba da kansa, da sauri kuma shiru, muddin jarkar na ƙasa. Da iska ta shiga sai ya fara tsartuwa yana gurnani. Bututun saukar ruwa haka yake. Cikakke yana ɗaukar ruwa mai yawa ba hayaniya. Wanda iska da ruwa ke kokawa a cikinsa yana ɗaukar kaɗan, yana ƙugi, yana watsa gishiri a tankin ƙasa.

Masu wannan harka sun daɗe suna neman sulhu da matsalar, kuma tsari uku ne suka yi suna. Na farko shi ne Durso: bututu ɗaya tsayayye, kansa a lanƙwashe ya nutse cikin ruwa, da ɗan rami a ƙoƙon kansa don iska ta shiga a hankali. Yana rage ƙara, amma bututu ɗaya ne tal. Katantanwa ɗaya ta shiga ta tokare, falo ya zama tafki.

Na biyu shi ne Herbie, mai bututu biyu. Ɗaya yana can ƙasa cikin akwatin, a nutse, da bawul a jikinsa da ake ɗan matsewa har ya cika ya kama zuƙo. Ɗayan yana tsaye sama da shi, kusan a bushe, yana jiran ranar da na farko zai gaza. Na uku, BeanAnimal, ya ƙara guda a tsakani: akwai cikakken bututu mai ɗaukar kusan duka ruwan, akwai na biyu buɗaɗɗe wanda ɗan rarar da ta saura ke silalowa ta jikin bangonsa shiru, akwai na uku busasshe na ko-ta-kwana. Idan na farko ya toshe, ruwa ya ɗan hau, na biyu ya rufe ƙofar iskarsa ya koma cikakke ya karɓi aikin. Idan shi ma ya gaza, na uku yana nan.

Ga tankin lita dubu zuwa sama, ni bututu uku nake ba da shawara. Bambancin kuɗin rami ɗaya ne da 'yan mitocin roba.

Wasu ƙa'idoji ba su da sassauci. Bututun ko-ta-kwana ba a sa masa bawul ko kaɗan, domin bawul ɗin da aka sa wata rana wani zai rufe shi. Faɗinsa kada ya gaza na babban bututu, kuma shi kaɗai ya iya ɗauke duk abin da inji ke turowa. Bakinsa na ƙasa a bar shi sama da ruwan tankin ƙasa, don ranar da ya fara aiki ƙarar faɗuwar ruwa ta tashi mai gida daga barci. Cikakken bututun kuwa bakinsa ya nutse santimita biyu ko uku kawai; idan ya yi zurfi, iskar da ke ciki ba za ta iya fita ba lokacin da inji ya tashi, zuƙon ya ƙi kamawa. Bawul ɗinsa ya zama mai murɗawa a hankali kamar kan famfo, don mai hannu ɗaya da ake juyawa kwata ba ya ba da damar saiti na ƙwaƙƙwafi. Kuma kowane bututun sauka ya yi ta gangara tun daga sama har ƙasa. Inda ya kwanta a miƙe, ko ya ɗan hau, nan iska za ta maƙale. Gwiwa biyu masu sassaucin lanƙwasa sun fi gwiwa ɗaya mai kusurwa.

Idan an ɗauke wuta

A wasu ƙasashe wannan lamari ne na shekara-shekara. A wurinmu na kullum ne, kuma ko mai janareta yana da 'yan mintunan da ke tsakanin ɗaukewa da tayarwa.

Da inji ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama sai ya juya ya zama mai zuƙo ruwa ƙasa, kuma ba zai daina ba sai bakinsa ya sha iska. Lissafin mai sauƙi ne. Fuskar tankinmu santimita 200 sau 70 ce, wato kowace santimita ɗaya ta zurfi lita 14 ce. Idan bakin bututun yana santimita 5 ƙarƙashin ruwa, lita 70 za su sauko. Idan an nutsar da shi santimita 20 don kada a gan shi, lita 280 ke nan. Tankin ƙasa mai cin lita 300 da ke aiki a rabi lita 150 kawai ya rage masa. Sauran 130 a tayil za su kwana. A kan wannan sai a ƙara ruwan da ke cikin bututun kansu da na injin kumfa, wanda shi ma yake sakin nasa.

Mutane kan nemi mafaka a wurin bawul mai hana ruwa komawa baya. A ruwan gida yana aiki, amma a ruwan teku ƙananan tsutsotsi masu ɓawo da soso da gansakuka suna tsirowa a leɓensa, ranar da ake bukatarsa sai ya ƙi rufewa ruf. Wasu kuma sukan huda ɗan rami a bututun dab da fuskar ruwa don iska ta shiga ta yanke zuƙon. Dabara ce mai kyau, sai dai ramin ma gishiri da gansakuka na toshe shi. A sa su duka idan ana so, amma abin dogaro guda ne: bakin bututun ya kasance kusa da sama, tankin ƙasa kuma ya kasance da filin da zai haɗiye duk abin da zai sauko ko da bawul da ramin sun gaza tare.

Bayan ambaliya sai numfashi. A zafin digiri 25, lita ɗaya ta ruwan daɗi tana riƙe oksijin kusan miligiram 8, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba, kuma yana ƙara raguwa in zafi ya hau. Tanki mai kifi da yawa cikin 'yan awoyi yake shaƙewa idan ruwa ya tsaya. Ko babu halin ɗora komai a kan inbata, a ɗora ƙananan farfelolin da ke kaɗa ruwa a cikin tankin kallo, wutar da suke ci kaɗan ce. Idan kuma wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ruwan da ya kwana a rufaffiyar matata ko dogon bututu yana rasa iska ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin guba ne. A tanadi bawul ɗin da zai zubar da ruwan farko waje kafin a mayar da layin cikin tanki. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a barin reshen bututu makaho wanda ruwa ba ya gudana a cikinsa.

Idan magudanar ce ta toshe

Wannan shi ne akasin na baya: inji na aiki, ruwa ba ya sauka. Abin da zai iyakance ɓarnar shi ne girman gidan ƙarshe na tankin ƙasa, domin abin da ke cikinsa kaɗai inji zai iya kwashewa. Idan tsakanin fuskar ruwa da bakin tankin kallo akwai santimita 3, lita 42 ce za ta samu wuri. Gidan inji da bai wuce haka ba, ba zai iya jawo malala ba.

Sai dai ƙaramin gida yana da nasa sharaɗin. Duk ruwan da ya tashi a tururi a nan yake nunawa, kuma a lokacin hunturu lita goma a rana ba abin mamaki ba ne ga tanki irin namu. Gishiri ba ya tashi, don haka da tataccen ruwan daɗi ake cikawa, galibi ta ɗan inji mai na'urar lura da tsayin ruwa. To ranar da magudana ta toshe, na'urar za ta ga ruwa ya ragu, ta yi ta zuba ruwan daɗi, ga ambaliya ga tsarma gishiri. Kada a haɗa ta kai tsaye da matata ko babban duro. A ba ta ƙaramar jarka ta kwana uku ko huɗu, wadda ko ta juye duka tankin zai jure.

Inji da faɗin bututu

Adadin da aka rubuta a kwalin inji na ruwan da bai hau ko'ina ba ne. Kowace mita ta hawa, kowace gwiwa, kowane bawul yana rage shi, kuma masu ƙerawa suna ba da jadawalin abin da zai rage a kowane tsayi. Shi za a duba. Yawancin masu tanki suna neman ruwan da ke bi ta tankin ƙasa ya kai ninki uku zuwa biyar na girman tankin a awa ɗaya, wato lita 3,000 zuwa 5,000 a misalinmu. Guguwar da murjani ke so a cikin tanki aikin farfeloli ne, ba sai an wahalar da magudana da ita ba.

Bututun inci ɗaya da rabi ya fi na inci ɗaya fili sau biyu da kwata, kuma cikin bututu yana ƙara tsukewa da shekaru. A ɗauki mai faɗi. Idan inji ya yi ƙarfi da yawa, ta bakin fitarsa ake rage shi, ba ta bakin shigarsa ba. Mahaɗan ɓangaren shiga kuma su zama a liƙe sosai: iskar da ta saci hanya ta nan inji zai matse ta ta narke a ruwa fiye da kima, ta je ta fito a matsayin kumfa a cikin idanu da fatar kifi. Kowane inji ya samu mahaɗi mai warwaruwa da bawul gaba da baya, don a iya cire shi a wanke ba tare da an yanka bututu ba. Ɗan guntun tiyo mai laushi bayan inji yana hana girgizarsa isa ga gilashi. Dogayen bututu kuma a ɗaure su a bango, kada nauyinsu ya rataya a wuyan ramin gilashi.

Abin da gishiri ke ci

Fulamban gida, komai ƙwarewarsa, zai miƙa hannu ga abin da ya saba: kan famfo na tagulla, bawul mai ƙarfe a ciki, maɗaurin tiyo na ƙarfe. A nan duk haramun ne. Jan ƙarfe, wanda ke cikin tagulla, ko ɗan ƙanƙani ya narke a ruwa yana kashe murjani da jatan lande da katantanwa, kuma yana shiga duwatsu ya daɗe yana fitowa. Farin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa shi ma ruwan gishiri na huda shi a hankali. Abin da ke jurewa shi ne bututun PVC mai kauri na matsin ruwa, da bawul na roba zalla, da ƙarfen titaniyam a injin sanyaya ruwa. A zauna da fulamba a duba kayan ɗaya bayan ɗaya kafin ya buɗe gwangwanin gam.

Ina tsohon ruwa zai je?

Wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa. Mai canza kashi goma cikin ɗari na ruwan tankinmu kowane mako yana zubar da kusan lita 100, da gishiri kilo uku da rabi a ciki. A shekara ya haura kilo 180. Idan a tsakar gida ake kwararawa, ƙasar za ta daskare ta daina shan ruwa, bishiyoyi su ƙone. Idan a sokawe ne, gishirin zai dami bakteriyar da ke narkar da ƙazanta, ya ratsa kankare ya ci rodi, sannan ya tsiyaya ƙasa, inda wataƙila rijiyar maƙwabci take. Inda akwai babbar magudanar birni mai zuwa matatar ƙazanta, a nemi izinin hukuma idan tankin na kasuwanci ne. Inda babu, a ƙasa mai rana irin tamu, faffaɗan kwami mara zurfi da aka shimfiɗa wa leda mai kauri zai busar da ruwan, a kwashe gishirin a busasshe.

A garuruwan gaɓar teku hatsarin wani ne daban. A 1984 aka ga ɗan facin wata ciyawar ruwa mai suna Caulerpa taxifolia a ƙasan teku, dab da gidan nazarin halittun ruwa na Monako. Irin da ake renonsa a tankuna ne, mai jure sanyi, kuma daga baya ya mamaye dubban hekta a Bahar Rum. A 2000 ya ɓulla a wani tafkin gaɓa a Carlsbad ta Kalifoniya, aka lulluɓe shi da tamfol ana zuba masa kilorin, aka kashe miliyoyin daloli kafin a sanar da kawar da shi a 2006. Ruwan tanki, ko da ƙwayar ciyawa ɗaya ce a ciki, ba a sakinsa a kwatar da ke zuwa teku ko kogi.

Bututun zubarwa kada ya shiga magudanar ƙazanta kai tsaye. A bar tazarar iska tsakanin bakinsa da bakin magudanar, don in ta cika ta yi baya, ƙazanta ba za ta hau zuwa kifi ba.

Ɗakin injina

Tankin Dubai Mall, wanda 'yan kasuwarmu da yawa suka tsaya a gabansa, lita miliyan 10 yake ɗauka, kuma a watan Fabrairun 2010 ruwa ya tsiyayo daga wani mahaɗin bangonsa har aka rufe wani sashe na kasuwar. Idan irin wannan gini zai yi yoyo, naka ma zai yi. Daɓen ɗakin injina ya gangara santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa ga magudanar ƙasa, da ɗan tudu a bakin ƙofa. A riƙa zuba wa magudanar ruwa jefi-jefi, don in lanƙwasar da ke riƙe ruwa a cikinta ta bushe, wari zai dawo ɗaki.

Soket ɗin wuta su hau bango, sama da kowane ruwa, kowace waya kuma ta ɗan sauka ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi nesa, saboda haka na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa wajibi ce. A sa fankar da ke fitar da danshi waje. Kifin murjani digiri 24 zuwa 27 yake so, Kano kuwa tana haura 40 a watan Afrilu, ga zafin da injina ke ƙarawa. Injin sanyaya ruwa dole ne, kuma a waje ko wuri mai iska za a ajiye shi, don haka a ware masa reshen bututu tun a zanen farko.

Gwaji kafin gishiri

A jera bututun duka babu gam tukuna, a ga ko hannu na kaiwa kowane bawul, ko injin kumfa zai fita daga wurinsa ba tare da an kwance komai ba. Bayan an liƙa, a ba gam kwana guda ya bushe, sannan a cika da ruwan daɗi a kunna. A shimfiɗa takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, ɗigo ɗaya zai nuna.

Daga nan sai a jawo kowace matsala da gangan. A kashe wuta a tsaya har ruwa ya daina sauka, da ramin iska a toshe da bawul mai hana ruwa komawa baya a buɗe, a ga inda ya tsaya a tankin ƙasa. A kunna a ga ko zuƙo zai kama da kansa ba tare da an taɓa komai ba, a maimaita sau da yawa. A rufe babban bututun sauka gaba ɗaya a ga na biyu ya karɓa. A toshe na biyun ma a ga na uku shi kaɗai. Inda ruwa ke tsayawa lokacin aiki a ja layi da alƙalami a jikin tankin ƙasa, a faɗa wa duk mai kula da tankin cewa ba a cikawa a wuce shi. A bar ruwan daɗin ya yi ta zagawa 'yan kwanaki, a zubar, sannan a dama gishiri. Kifin farko zai jira makonni huɗu zuwa shida, har awo ya nuna bakteriya sun kafu. Gwajin kashe wuta da na toshe bututu kuma a riƙa maimaita su duk bayan 'yan watanni, domin a lokacin halittun ruwa sun fara tsirowa a cikin bututun, faɗinsu ya ragu daga yadda aka auna shi ranar farko.